Yadda za ka fahimci tsohuwar manhajar FoxPro kafin ka kwashe bayananta

Kusan kowane mako sai wani ya aiko mini da tambaya iri ɗaya, kalmomin ne kawai suke bambanta. An kira shi wani kanti, ko makaranta, ko ofishin ƙungiyar ma'aikata masu adashe, an nuna masa wata kwamfuta da ta kwana biyu a kusurwa, an ce lissafin shekara goma sha biyar duk yana cikinta, wanda ya haɗa manhajar kuma ya bar gari ko ya riga mu gidan gaskiya. Masu wurin suna so a mayar da komai sabon tsari. Shi kuwa bai taɓa ganin irin manhajar ba. Ta ina zai fara?

Zan yi misali da FoxPro, wata tsohuwar manhajar adana bayanai a teburori, don ita ce waɗanda suka taso a kan na zamani irin su MySQL suka fi jahilta. Microsoft ta tsaya a Visual FoxPro 9, ta janye tallafinta gaba ɗaya a watan Janairun 2015, amma har gobe akwai masu ciniki da ita. Idan wadda ka tarar Access ce ko Paradox, sunayen fayiloli ne za su canza, jerin matakan yana nan daram.

Kwafe bayanan kansa aikin yini guda ne. Abin da ke cin kwanaki shi ne gane abin da suke nufi, domin a irin waɗannan manhajoji ma'anar bayani a warwatse take: wani kaso a cikin teburori, wani a cikin umarnin da mai shiri ya rubuta, wani kuma a kan akawun da ya shekara yana danna madannan. Ga ma'aunin da nake amfani da shi: ban shirya ƙaura ba sai na iya fitar da jimillar da tsohuwar manhaja take bugawa a rahotonta, da lissafin hannuna, har kwabo.

Abin da za ka tanada

Kayan saye kaɗan ne: faifan ajiya na waje guda biyu, UPS idan tsohuwar kwamfutar ba ta da shi, da littafin rubutu mai kauri. Sauran kyauta ne: Clonezilla don ɗaukar kwafin faifai sukutum, VirtualBox don tayar da wata kwamfuta a cikin taka, HxD don leƙa cikin fayil, WinMerge don kwatanta folda biyu, LibreOffice, sai Python tare da dbfread mai karanta fayilolin DBF, wato teburorin FoxPro.

Kuɗin gaske lokaci ne. A ƙaramin kanti ina ware kwana uku zuwa biyar na aiki, a wuri mai rassa mako biyu ko uku. Ka yanka wa wannan binciken kuɗinsa daban, kuma kada ka faɗi farashin ƙaurar sai ka gama shi. Wanda ya yanka farashi ranar farko, a ƙarshe shi zai yi aikin sadaka.

1. Kwafi tukuna, kafin ka taɓa komai

Ka sa a rufe manhajar a kan duk kwamfutocin da ke amfani da ita, har da ta ofishin Alhaji da aka manta a kunne. Sannan ka kwafe foldar gaba ɗayanta, ba fayilolin da kake zaton su ne masu muhimmanci ba. Idan akwai hali, ɗauki kwafin faifan duka da Clonezilla, domin wani lokaci manhajar tana dogara da wasu fayiloli da ke cikin foldar Windows. Ka yi kwafi biyu. Ɗaya ka rubuta masa kwanan wata ka ajiye, ba za ka sake buɗe shi ba sai ta ɓaci. Ɗayan shi ne na aiki.

Hattara: kwafin da aka ɗauka ana tsaka da ciniki ba abin yarda ba ne. Wani tebur zai zo da cinikin ƙarshe, ɗan'uwansa bai zo da shi ba, sai ka kwana kana neman kuskuren da kai ka haifar. Haka kuma irin waɗannan kwamfutoci, musamman masu Windows XP, gidan ƙwayoyin cuta ne. Ka bincike faifan kafin ka buɗe shi a taka.

Bayanan mutane ne a hannunka yanzu: sunaye, lambobin waya, basussuka. A Najeriya akwai dokar kare bayanai ta 2023. Ka karɓi izini a rubuce daga mai wurin, kuma kada ka tura fayil ɗin wani zauren WhatsApp kana neman a taya ka buɗewa.

2. Gano da wa kake tare

Windows kan ɓoye wutsiyar sunan fayil, wato haruffan da ke bayan ɗigo, ka fara kunna ta. Sai ka duba alamar da ake dannawa a buɗe manhajar, ka ga foldar da take nunawa. Wutsiyoyin da ke ciki za su faɗa maka komai. MDB ko ACCDB na Access ne. FP7 ko FMP12 na FileMaker. DB tare da PX na Paradox. Idan DBF ka gani, to dangi ne masu yawa, sai ka duba maƙwabtansa: DBT da NDX ko MDX alamar dBase ce, NTX alamar Clipper, FPT da CDX alamar FoxPro. In akwai DBC, fayil ɗin da ke haɗa teburori a ƙarƙashin inuwa ɗaya, Visual FoxPro ce. Fayil mai suna VFP6R.DLL ko VFP9R.DLL zai gaya maka wace fitowa ce.

Idan kana son tabbaci, buɗe DBF ɗaya da HxD ka dubi lambar farko. 03 tebur ne irin na dBase III marar dogon rubutu, 83 irinsa ne mai dogon rubutu, F5 na FoxPro 2 ne mai dogon rubutu, 30 zuwa 32 na Visual FoxPro.

Ka san aikin kowane fayil. DBF shi ne tebur. FPT yana riƙe da dogayen rubuce-rubucen teburin da suke suna ɗaya. CDX fihirisa ce, jerin da manhajar ke bi ta gano layi da sauri. PRG umarnin mai shiri ne a rubuce, SCX fuskokin shigar da bayani, FRX tsarin rahotanni. Idan ka tarar da PRG da SCX a foldar, ka yi sa'a babba.

3. Zauna kusa da mai amfani da ita

Wannan matakin ne ƙwararru suka fi rainawa, kuma shi ya fi biya. Ka ja kujera kusa da akawu ko mai karɓar kuɗi, ka yini kana kallo. Baƙo ko da ido makaho ne. Ka rubuta kowace fuska da ya buɗe, da jerin yadda yake buɗe su, ka ɗauki hotonta. Duk rahoton da suke bugawa, na yini da na wata da na shekara, ka karɓi kwafin takarda, don su ne ma'auninka a gaba.

Tambayar "yaya manhajar take aiki" ba ta fitar da komai. Ka jira sai ka ga abin mamaki sannan ka tambaya. Na taɓa ganin wani dattijon akawu a kantin sarin magani yana ƙara harafin Z a gaban sunan wani mai saye. Na ce, "Malam, don Allah wannan Z ɗin fa?" Ya ce ai duk wanda aka daina ba shi bashi haka ake yi masa, don sunansa ya koma ƙarshen jeri. Babu wani gurbi a tebur da ke faɗin haka. Da na zo na "gyara" sunayen a sabon tsari, da na buɗe wa mutane ƙofar bashin da aka rufe musu da gangan.

Irin wannan suna da yawa: kwanan wata na 01/01/1900 da ake sakawa idan ba a san ranar haihuwa ba, farashin 0 da ke nufin kyauta a wani wuri kuma "ba a sa farashi ba tukuna" a wani, gurbin lambar faks da aka mayar wurin rubuta sunan mai tsaya wa mai bashi. Ka kuma tambayi abin da suke yi a ƙarshen wata da ƙarshen shekara, da abin da suke yi idan an ɗauke wuta ana cikin aiki. Idan suka ce akwai wani madanni da suke dannawa komai ya daidaita, mai sake gina fihirisa ne, kuma alama ce cewa teburorin sun sha wuya.

4. Tayar da ita a wurin gwaji

Ka girka Windows a cikin VirtualBox, ka zuba kwafin aiki a ciki. Tsofaffin manhajoji sukan haddace hanyar folda, don haka idan a can tana C:\STOCK ko a faifan F: take, a nan ma haka za ka ajiye ta. Idan FoxPro 2.6 ce ta DOS, ba za ta tashi a Windows mai 64-bit ba, sai ka nemi Windows mai 32-bit ko ka bi ta vDos ko DOSBox.

Hattara: ka katse wa kwamfutar gwajin hanyar sadarwa kafin ka buɗe manhajar. Idan kana cikin ofishin, tana iya lalubo foldar gaske ta rubuta gwajinka a ciki. Ka kuma mayar da agogonta ranar da ka ɗauki kwafin, domin wasu manhajojin da zarar sun ga sabon wata sai su rufe lissafin tsohon.

5. Ƙirga teburori

Buɗe shafi a littafinka, kowane DBF layi ɗaya: suna, girma, ranar da aka taɓa shi na ƙarshe, yawan layuka, da zatonka game da aikinsa. Ranar nan ita za ta raba maka rayayyu da matattu. Za ka ga SALES, SALES2, SALESOLD, da wata folda mai suna BACKUP a cikin BACKUP. Wanda aka rubuta wa jiya shi ne mai rai. Amma kada ka watsar da tebur don kawai ya daɗe ba a taɓa shi ba: jerin jihohi ko na nau'o'in kaya yana iya shekara goma a haka kuma kullum ana karanta shi. Wasu manhajojin kuma kowace shekara sabon fayil suke buɗewa, sai ka ga SAL2018, SAL2019, kuma ba lallai gurabensu su zo ɗaya ba.

Idan kana da FoxPro kanta, umarnin USE zai buɗe tebur, DISPLAY STRUCTURE ya nuna gurabensa, BROWSE ya nuna abin da ke ciki. In babu, dbfread zai ba ka duk wannan. Sunan gurbi a cikin DBF ba ya wuce harafi 10, shi ya sa za ka ga irin su CUSTBALFWD. Idan teburin yana ƙarƙashin DBC, cikakkun sunayen suna can, tare da ƙa'idojin shigar da bayani da mai shiri ya gindaya. Shi DBC ɗin ma tebur ne, ana buɗe shi a karanta.

Hattara: Excel da LibreOffice suna buɗe DBF, amma don kallo kawai, kuma a kan kwafi. Duk abin da ya rubuta a DBF ba tare da sabunta CDX ba, ya raba tebur da fihirisarsa, manhajar za ta fara ɓatar da layuka. Idan kana cikin FoxPro kuma, ka nisanci PACK da ZAP. Na farko yana share layukan da aka soke har abada, na biyu yana wanke teburin tas.

6. Yi ciniki ɗaya, ka bi sawunsa

Nan ne ainihin koyon. A yawancin waɗannan manhajoji babu inda aka rubuta cewa wannan tebur yana da alaƙa da wancan. Alaƙar tana cikin umarni. Hanyar da ba ta taɓa ba ni kunya ba ita ce bin sawu.

Kwafe foldar gwaji ka sa mata suna "kafin". Buɗe manhajar ka yi abu ɗaya tak, misali ka sayar da kwali 7 a kan naira 1,357 ga wani mai saye da ka ƙirƙira. Ka zaɓi lambobin da ba su cika faruwa ba don su yi sauƙin nema. Rufe manhajar, kwafe foldar ka sa mata "bayan". WinMerge zai nuna maka fayilolin da suka canza. Sai ka fitar da waɗannan teburorin a matsayin rubutu ka kwatanta layi da layi.

A ce ka ga tebur biyar sun motsa: kan rasit, layukan rasit, yawan kaya a sito, bashin mai saye, da wani ɗan ƙaramin tebur mai layi ɗaya da ke riƙe da lambar rasit na gaba. Cikin minti goma ka san abin da karatun sunayen gurabe ba zai koya maka a mako ba. Ka maimaita da kowane irin aiki, ɗaya bayan ɗaya: biyan bashi, dawo da kaya, soke rasit, karɓar kaya, gyaran farashi, rufe wata. Ka fi zuba ido a kan soke rasit da rufe wata. Wata manhajar soke layin take yi, wata ta rubuta sabon layi da lamba mai ragi, wata ta sa harafi ɗaya a wani gurbi. A rufe wata kuwa, wasu suna tattara cinikin su mayar da shi jimilla ɗaya su kwashe bayanin dalla-dalla zuwa wani fayil.

Ka lura da lambobin da aka ajiye da waɗanda ake lissafawa. Bashin mai saye yana iya zama a rubuce a teburinsa, kuma ana iya samo shi daga tara rasitai a cire biya. Bayan shekaru da ɗauke wuta, biyun ba sa yarda da juna ga kowa. Wanne ne gaskiya? Ba kai za ka yanke ba. Ka fitar da jerin waɗanda suka saɓa ka kai wa mai wurin ya zaɓa, ya sa hannu.

Idan akwai PRG, buɗe su da kowace manhajar rubutu ka nemi SET RELATION, REPLACE, DELETE da SET FILTER. Na farko zai nuna alaƙar teburori, na biyu inda ake rubuta bayani, na ƙarshe abin da ake ɓoye wa mai kallo. SCX da FRX su ma teburori ne da aka sauya wa wutsiya, umarninsu yana cikin guraben dogon rubutu. Idan EXE kaɗai aka bari, wato manhajar da aka harhaɗa ba tare da rubutaccen umarninta ba, akwai manhajar saye mai suna ReFox da ke dawo da umarnin, amma sai ka tabbatar masu wurin suna da haƙƙin yin hakan. Ni dai bin sawu yakan ishe ni.

7. Ramukan da DBF ke haƙa wa baƙo

Layukan da aka soke su ne na farko. A FoxPro, soke layi alamar tauraro ce kawai ake sa masa a farko, layin yana nan. Manhajar tana ɓoye shi da SET DELETED ON. RECCOUNT() yana ƙirgawa har da sokakku, COUNT FOR DELETED() zai ba ka yawansu muddin SET DELETED yana OFF. Kayan kwashe bayanai kuma kowanne da halinsa: dbfread yana tsallake su ya ajiye maka su gefe, wani kuma ya haɗo su. A wancan kantin maganin, gwajina na farko ya nuna bashin da ya ninka abin da Alhaji ya sani, har ya fara kallon yaransa da wani ido. Sokakkun rasitai ne na shekaru suka tashi daga kabari. Ka kwashe su zuwa tebur na daban, kada ka zubar, don wata rana za a tambaya.

Dogon rubutu na biye. Idan ka ɗauki DBF ka bar FPT, bayanin ya tafi. Kuma umarnin COPY TO mai fitar da tebur a matsayin rubutu na CSV yana barin waɗannan guraben a baya ba tare da ya ce uffan ba.

Kwanan wata: FoxPro tana yarda a bar shi fayau, sabon rumbun bayanai kuwa galibi ba zai karɓi fanko a gurbin kwanan wata ba, sai ka mayar da shi NULL, alamar da ke nufin babu komai. A manhajojin da ake shigar da shekara da lamba biyu, za ka iya tarar da cinikin 2005 an rubuta shi 1905. Ka nemi mafi tsufa da mafi sabunta a kowane gurbi, nan take za su tona kansu.

Sifilin farko: lambar waya mai farawa da 080 ko lambar asusun banki mai lamba 10 da ta fara da sifili, idan ta ratsa ta Excel sifilin ya faɗi. Excel kuma ba ya riƙe fiye da lamba 15 daidai, ba ya wuce layi 1,048,576. Kada ka mayar da shi gada tsakanin tsoho da sabo. Waɗannan lambobin rubutu ne, a haka za ka ajiye su.

Haruffa: lamba ta 29 a kan fayil ɗin, idan ka fara ƙirge daga sifili, tana faɗin tsarin haruffansa, galibi 437 ko 850 a na DOS, 1252 a na Windows. Babu ɗayansu mai ƙ, ɗ ko ɓ, don haka za ka tarar da suna ɗaya an rubuta shi Dan'asabe, 'Danasabe da D'an Asabe, wataƙila mutum ɗaya ne da asusu uku. Ka fitar da jerin, akawu ya tantance. Guraben rubutu kuma cike suke da sarari a ƙarshe, sai ka datse kafin ka haɗa teburori.

Kuɗi: idan lamba ta fi ƙarfin gurbinta, taurari za ka gani a madadinta. Manhajar da aka haɗa lokacin da miliyan ɗaya babban kuɗi ce tana iya faɗawa wannan yau. A sabon rumbu ka sa kuɗi a gurbi irin DECIMAL mai riƙe lamba daidai, kada ka sa a FLOAT mai ƙiyasi. Idan kuma ka ga tebur ya doshi gigabait 2, iyakar DBF ke nan, ka gaya wa masu wurin lokaci ya ƙure musu.

8. Fitar da jimillarsu da hannunka

Zuba teburorin kamar yadda suke a wani rumbun wucin gadi, SQLite ko PostgreSQL, ba gyara ba sauya suna. Ɗauko rahotannin takarda da ka karɓa a mataki na 3. Rubuta tambaya da SQL, harshen tambayar rumbun bayanai, wadda za ta fitar da cinikin wata guda, jimillar bashi, da ƙimar kayan sito. Kwatanta.

Da wuya su dace a karon farko, kuma kowane saɓani darasi ne. Bambancin da ya yi daidai da kuɗin rasit ɗaya, sokakken rasit ne ko wani da rahoton ke tacewa. Bambancin 'yan kwabbai, wurin da ake cike lamba ne, a kowane layi ko a jimilla. Bambanci mai girma, akwai teburin da ba ka sani ba. Kada ka ce "ai kusan ɗaya ne". Ka gwada da wata uku daga shekaru daban-daban, har da watan da aka rufe shekara a cikinsa, domin mai shirin yana iya canza ƙa'ida a tsakiyar tafiya.

9. Rubuta taswirar, sannan ka sa rana

Yanzu ka rubuta takarda mai nuna kowane tsohon gurbi, inda zai koma, da abin da za a yi masa a hanya. Gurbin da za a bari ma ka rubuta shi da dalili. Kowane layi a sabon rumbu ya tafi da tsohuwar lambarsa a gurbi na musamman, don idan gardama ta tashi a iya komawa a duba. Mai wurin da akawu su karanta su sa hannu.

Ƙaurar ka rubuta ta a matsayin umarnin da za a iya sake kunnawa daga farko, ba gyaran hannu ba, domin za ka yi ta sau uku ko huɗu kafin ranar gaske, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar kanta ka zaɓi bayan an rufe wata, a yinin da ba a ciniki. A ɗauki sabon kwafi, a buga rahotannin ƙarshe daga tsohuwar manhaja, a kunna umarnin, a kwatanta jimilloli kamar yadda ka yi a mataki na 8. Tsohuwar kwamfutar a cire ta daga hanyar sadarwa, a manna mata takarda cewa don dubawa ce kawai, kwafinta na VirtualBox kuma ka miƙa wa mai wurin a ɗaya daga faifan nan biyu, tare da littafinka.